Tozali da Mayen Ƙarfe: Aikin da Masana ke Son Haɗawa

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Tabla da kewaye, duk wanda ya ci kasuwar Baleyara ranar Lahadi ya san masu koli da ke kasa tozali a faifai. Dutsen nan mai walƙiya dalma ce haɗe da farar wuta. Yana da wani hali da yawancinmu ba mu sani ba: ba ya barin lantarki ya bi ta cikinsa a sake kamar wayar tagulla, ba ya kuma tare shi sarai kamar roba. Tsaka-tsaki ne. A 1874 wani Bajamushe, Ferdinand Braun, ya gano cewa lantarki ya fi son bin irin wannan dutse ta gefe guda. Rediyoyin farko da ɗan gutsuren tozali suke kama magana.

Yau silikon ne ya gaji tozali a wannan aiki, kuma daga yashi ake tace shi. Shi ne cikin faifan hasken rana da muke cajin salula da shi, shi ne kuma ke yin lissafi a cikin salular kanta. Mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, aikinsa dabam ne. Yana riƙe abin da aka ajiye masa ko da wuta ta ɗauke, kamar yadda kaset ke riƙe waƙa shekara da shekaru a akwati. To, abin da masana ke nema shi ne abu guda mai halin nan biyu, ya yi lissafi, ya kuma riƙe. In an samu, na'ura za ta rage cin batir. Wanda ke biyan kuɗin caji kullum ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Masana kimiyyar haɗa sinadarai su ne masu girkin. Suna ɗaukar wani farin gari, zinki oksaid, irin wanda ake sa wa a man shafawa na jarirai, su narka gishirinsa a kwalba, su barbaɗa masa manganis ko kobal kaɗan, kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Kamar dai kanwa a miya: in ta yi kaɗan ba a ji ta, in ta yi yawa ta ɓata tukunya. Abin da ke fitowa ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai. Ku dubi milimita ɗaya a jikin rula, ku raba ta gida miliyan. Kashi ɗaya shi ne nanomita. Ƙwayoyin nan ba su wuce nanomita 5 ko 10 ba, alhali kaurin gashin kai guda ya haura nanomita 50,000. A wannan ƙanƙanta abu yakan sake hali, har launinsa ya canza da girman ƙwayar. Mutum uku da suka buɗe wannan hanya, Ekimov da Brus da Bawendi, sun sami kyautar Nobel a 2023.

A 1996 Hideo Ohno na jami'ar Tohoku a Japan ya sa manganis cikin wani ɗan uwan silikon mai suna galiyom asenaid, ya kuwa zama mayen ƙarfe. Amma akwai cikas, kuma maƙeranmu za su fi kowa gane shi. A sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a kawo masa mayen ƙarfe, ba zai kama ba. Ƙarfe yana sakin wannan hali a digiri 770. Abin Ohno kuwa, duk gyaran da aka yi masa tun daga lokacin, yana saki ne a wajen digiri 70 ƙasa da sanyin ƙanƙara. Mu nan a watan Afrilu muna haura digiri 40 a inuwa.

A 2000 Tomasz Dietl na Polan da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka ce zinki oksaid zai iya riƙe halinsa cikin zafin ɗaki. Nan fa ɗakunan bincike na duniya suka ɗunguma a kansa, wannan ya ce ya samu, wancan ya ce ya samu. Da aka bincika da kyau, sai aka tarar sau da yawa kobal ɗin ne ya dunƙule wuri guda kamar gudajin tuwo, shi ne ma'auni ke ji. A 2005 ma masu bincike na IBM a Amurka suka nuna cewa matsefatar ƙarfe da ake ɗaukar samfur da ita ta isa ta bar ɗan ɓurɓushin da zai ruɗi ma'auni. A ganina waɗanda suka tona wannan sun yi aiki daidai da na masu girkin. Har yanzu ba a kai wannan haɗi kasuwa ba, ana nan ana gwaji.

Wata magana ga mata kafin mu rufe, tun da mun taɓo tozali. Dalmar da ke cikinsa guba ce ga jariri. Yana murza ido, ya kai hannu baki, ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. A daina ranɓaɗa wa jarirai shi.