Ƙahon da ke sassaƙa dutse

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta Abbatuwar Oko-Oba a Agege ya ga tulin ƙahonin shanu da mahauta ke jibgewa bayan an gama fiɗa. Wanzami ya zaɓi na ɗiban jini, masu yin maɓallai da kayan ƙawa su kwashi saura. To akwai wata sana'a da ta girmi kiwo da noma da ƙira gaba ɗaya, ita ma da ƙaho ake yin ta, amma da za a ba gwaninta wannan tuli kyauta, sai ya yi godiya ya bar wa mai kaya kayansa. Sana'ar ita ce sassaƙa dutse ya zama wuƙa, ko kan mashi, ko bakin kibiya.

Ba kowane dutse ne ke karɓar wannan aiki ba. Dutsen niƙa in an doke shi marmashewa yake yi. Wanda ake nema shi ne mai laushin jiki, irin ƙanƙarar da kakanninmu ke ƙyasta wuta da ita kafin zuwan ashana. Wanda ya taɓa ganin inda tsakuwa ta bugi gilashin gaban motar danfo ya san yadda irin wannan dutse ke fashewa: bugun yana shiga ta ɗan ɗigo guda, ya buɗe ta ciki kamar mazurari. Mai sassaƙa yana dukan gefen dutsen ne yadda wani sashe na mazurarin zai ɓalle ta ƙasa, ya fito da ɓallen da kaifinsa ya kai na aska. An fara wannan a Afirka. A Lomekwi ta ƙasar Kenya an tono duwatsun da aka ɓantara da gangan shekara miliyan 3.3 da suka wuce.

Da dutse aka fara dukan dutse, kuma har yau da shi ake buɗe aiki. Sai dai gudumar dutse tana fitar da ɓalle mai kauri, gajere, ta bar rami a jikin abin da ake sassaƙawa. In ana son wuƙar ta yi siriri, ta miƙe, dole a sauya hannu a ɗauko abin da bai kai dutsen tauri ba. A nan hankalin mutanen da ya ba ni mamaki. Abu mai ɗan sauƙi ba ya tsalle daga kan dutsen da zarar ya taɓa shi. Bakin dutsen yana ɗan nitsewa cikinsa, ya riƙe, ƙarfin bugun ya bazu a hankali, sai ɓallen ya fito fale-fale, ya yi tsawo har ya wuce tsakiyar fuskar dutsen. A Boxgrove da ke kudancin Ingila an samu gudumomin ƙaho da suka kai kimanin shekara 480,000, har da ɓarɓashin ƙanƙara a maƙale a bakinsu.

Me ya hana ƙahon shanu? Ƙahon shanu, da na rago, da na barewarmu da gada da gwanki, kube ne da ya lulluɓe ƙashi. Jinsinsa ɗaya da kofato da farce, cikinsa rami, shi ya sa yake yi wa wanzami da mai busa amfani. In aka doki bakin ƙanƙara da shi ɓarewa yake yi, ga shi ba nauyi. Wanda masu sassaƙa ke so na wata barewa ne ta ƙasashen sanyi, mai ƙaho reshe-reshe. Nata ƙashi ne zalla. Kowace shekara namijin yana zubar da shi ya tsiro sabo, don haka ko farauta ba sai an yi ba, tsinta ake yi a daji. Ya fi ƙashin ƙafa juriya, yana shan duka bai tsage ba. Kudu da Sahara asali babu wannan dabba sam. A duk Afirka sai a dazukan tsaunukan Aljeriya da Tunisiya da Maroko ake samun irinta 'yar asalin wurin.

Ƙaho guda yana ba da kayan aiki iri biyu, kuma gyaransu shi ne rabin sana'ar. Gindin, wato inda ya manne da kan dabbar, shi ya fi nauyi da cika, shi ne guduma. Ana yanke shi kamar tsawon taƙi guda, a cire rassan da ke kusa, sannan a goge kaushin da ya kewaye gindin a kan dutsen wasa har ya zama kan mulmulalle. Wannan mulmulawa ba ado ba ce. In aka bar kusurwa ko tudu, shi zai riga taɓa dutsen, bugun ya sauka inda ba a nufa ba, aikin yini ya rabu biyu a hannun mutum. Can sama kuwa cikin ƙahon soso-soso ne, ba ya jure duka, don haka ba a yin guduma da shi.

Rassan su ne na aikin ƙarshe. Ana goge tsinin reshe ya yi ɗan dakushi, a shimfiɗa fata a tafin hannu, a ɗora dutsen, a kafa tsinin a bakinsa, a danna ciki sannan a fizga ƙasa. Ba duka a nan, matsi ne kawai. Da haka ake fitar da 'yan ɓallaye jere da juna, a daidaita baki, a yanka wuyan da za a ɗaure kibiya a jikin kyauro. Tsinin yana cinyewa, sai a riƙa komawa dutsen wasa. Kafin kowane bugu ko matsi kuma ana ɗan dasashe bakin dutsen da ake sassaƙawa, domin baki mai kaifi murƙushewa yake yi maimakon ya ɓalle. Yau zarto da magagari sun sauƙaƙa gyaran ƙahon. Mutanen da kuwa jiƙa shi suke yi a ruwa ya yi taushi, su zaga shi da tsagi da bakin dutse, ko su ɗan babbaka wurin da wuta, sannan su karya.

Rashin wannan barewa bai tsayar da mutanen Afirka ba. Icce mai tauri, da ƙashi, da dutse mai taushi duk suna yin aikin. A 2010 masu bincike suka nuna cewa mazauna kogon Blombos a Afirka ta Kudu suna gyara bakin mashi da matsi tun kimanin shekara 75,000 da suka wuce, bayan sun gasa dutsen a wuta don ya yi sauƙin ɓallewa. Kafin nan an ɗauka a Faransa da Sifaniya aka ƙirƙiro dabarar, shekara 20,000 kacal baya. A Nijar, yashin Tenere da Adrar Bous cike yake da kawunan kibau na koren dutse, tun zamanin da wurin ke da tafkuna da dorinar ruwa. A nan gida, masu haƙar kuza sun tono manyan gatura na dutse a Mai Idon Toro kusa da Jos, Bernard Fagg ya haƙa kogon Rop a 1944, Thurstan Shaw kuma ya haƙa Iwo Eleru kusa da Akure a 1965, inda ya samu ƙananan ɓallaye bila adadin. Har abin nan da muke kira gatarin aradu, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke ce wa edun ara suna jingina shi ga Shango, aikin hannun ɗan Adam ne: an ɓantare shi, aka wasa shi, ƙasa ta binne, ruwan sama ya tono. Da yake bayan an ɗauke ruwa ake tsintarsa, aradu ta samu suna a banza.

Legas ma tana da nata rabon a tarihin ƙanƙara, ta wata hanya ta daban. A gabashin Ingila akwai Grime's Graves, ramuka fiye da 400 da aka haƙa kimanin shekara 4,500 da suka wuce don ciro baƙar ƙanƙara, waɗansu zurfinsu ya kai mita 13, kuma da digar ƙahon barewa aka haƙa su. Kusa da nan garin Brandon yake, wanda daga wajen 1790 ya shahara da sassaƙa ƙanƙarar bindiga da gudumar ƙarfe. A lokacin yaƙin Napoleon suna ba sojan Ingila fiye da miliyan guda a wata. Da Turawa suka sauya bindiga, kasuwar ta mutu a can, sai Afirka ta raya ta. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu mai ƙyastu, wadda mafarautanmu ke yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Haka ƙanƙarar Brandon ta yi ta sauka a tasoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma, har da Legas, har tsakiyar ƙarni na 20, fatake suna haurawa da ita Arewa.

Wanda ke sha'awar gwadawa a Agege ba sai ya nemo ƙaho daga Turai ba. Gindin kwalba mai kauri yana fashewa daidai da ƙanƙara. Ishi, mutumin ƙarshe na ƙabilar Yahi da ya fito daga dajin Kalifoniya a 1911, da gilashin kwalba da ƙusa ya riƙa nuna wa malaman jami'a yadda ake kan kibiya. Masu yi a yau da dama jan ƙarfe suke kafawa a ƙotar icce, domin yana cizon dutse kusan yadda ƙaho ke yi. Sai a tanadi fata mai kauri ta rufe cinya da tafin hannu, a sa tabarau, a share ɓarɓashin kada yara su taka. Kuma a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Masu sassaƙar Brandon a 'yan ɗakuna rufaffu suke yini, ƙurar ƙanƙara ta riƙa taruwa a huhunsu, kuma ciwon da take haddasawa ya kashe da yawansu tun ba su manyanta ba.