Masu Tsaron Ma'auni: Yadda Ƙungiyar Injiniyoyin Awo Take Tafiya

Da asubar Lahadi, 11 ga Disamba 2005, wani tankin fetur a ma'ajiyar mai ta Buncefield, arewa da Landan, ya cika ya batse. Na'urar da ke nuna inda mai ya kai a cikin tankin ta maƙale wuri ɗaya, alhali mai na ta kwarara. Makunnin da aka sa don ya datse bututu idan mai ya kusa baki shi ma bai motsa ba, saboda akwai wani kwaɗo da ya kamata a ɗana masa, ba a ɗana ba. Fiye da lita 250,000 suka zube, tururinsu ya game wurin ya kama wuta. Mutum fiye da 40 suka ji rauni, gobara ta yi kwana 5 tana ci. Masu bincike suka tarar na'urar awon nan ta maƙale sau 14 tun watan Agusta na shekarar.

Masu hana aukuwar irin wannan su ne injiniyoyin awo da sarrafa na'ura. Su ke girka abin da ke auna zafi, da ƙarfin matsi, da gudun ruwa ko gas a bututu, su haɗa shi da kwamfutar da ke buɗe bawul ko rufe shi. Idan aikinsu ya yi kyau babu mai tunawa da su. To wa ke tantance wanda ya iya aikin? Jami'a tana ba da digiri, amma digiri ba ya shaida cewa mutum ya san abin da zai yi idan ƙararrawa goma suka kaɗa lokaci guda. Shi ya sa 'yan sana'ar suka kafa ƙungiyoyinsu.

A Birtaniya an kafa tasu a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce yanzu ake kira InstMC, kuma ta sami takardar amincewar masarauta a 1975. A Amurka ƙananan ƙungiyoyi 18 na garuruwa suka haɗu a Pittsburgh a 1945 suka kafa ISA. Tsarin tafiyar da su kusan ɗaya ne: majalisa da shugaban da mambobi ke zaɓa na ɗan wa'adi, sakatariya mai 'yan ma'aikata masu albashi, sai rassa a yankuna. Sauran aikin, wanda shi ne mafi yawa, masu sa-kai ke yin sa bayan sun tashi daga aiki. Su ke shirya lacca da yamma, su ke kai matasa ziyara masana'anta, su ke zama a kwamiti.

Aiki mafi nauyi shi ne tantance mutum. Hukumar injiniyoyi ta Birtaniya ta ba InstMC lasisin tantance masu neman rajistar ƙwarewa. Mai nema zai rubuta ayyukan da ya yi da hannunsa da shawarwarin da ya yanke, sannan ya zauna gaban tsofaffin hannu su yi masa tambayoyi. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba: yaron maƙera ba ya cewa ya ƙware sai manyan maƙera sun duba garmar da ya ƙera. Sai dai akwai wani ƙulli da duk mai shugabancin irin wannan ƙungiya ya sani. Da kuɗin shekara na mambobi ake biyan haya da albashi, don haka ƙungiya tana son mutane su shigo. Darajar takardarta kuwa tana kan iya cewa wani bai isa ba. Ranar da ma'aji ya fi kwamitin tantancewa ƙarfin murya, takardar ta zama ado a bango. A ganina da wannan ake gane shugaban kirki, fiye da yawan taron da ya kira.

Aiki na biyu shi ne rubuta ƙa'idoji, kuma a nan ISA ta yi suna. Ga misali ɗaya da ke nuna irin tunanin da ake yi a kwamitocin rubuta ƙa'ida. Na'urar awo tana aika saƙonta ta waya da ƙarfin lantarki tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20. Idan tanki ba komai ta aika 4, idan ya cika ta aika 20. Me ya sa ba a fara daga sifiri ba? Domin idan waya ta tsinke, abin da zai iso shi ne sifiri, sai mai lura ya gane matsala ce ta auku, kada ya ɗauka abin da ke cikin tanki ne ya ƙare. Da yake kamfanoni sun yarda da wannan, na'urar da aka ƙera a Jamus tana magana da wadda aka ƙera a Japan ba tare da tafinta ba. Haka alamomin da ake zana na'urori da su a taswirar masana'anta, ƙa'idar ISA mai lamba 5.1 ce ta daidaita su. Mai lamba 84 ta shafi na'urorin da ke kashe masana'anta da kansu idan haɗari ya taso, mai lamba 62443 kuma kare su daga masu kutsen intanet.

Rubuta ƙa'ida ɗaya kan ci shekaru, kuma ba lalaci ke jawo haka ba. A teburi guda akwai mai sayar da na'ura, da mai amfani da ita a matata, da malamin jami'a. Mai sayarwa zai so a rubuta ta yadda kayansa ne za su fi dacewa. Saboda haka dokar kwamitocin ta hana ɓangare ɗaya rinjaye, kuma duk wanda ya ƙi amincewa da hujja dole a amsa masa kafin a wuce. Wannan taka-tsantsan ɗin ya zama dole, domin kamfanonin da ke sayar da na'ura su ne ke sayen rumfa a baje koli, su ke ba da talla a mujallar ƙungiya. Ba a iya korar su, ba a kuma iya miƙa musu linzami.

Abin da ya fi damun rassa a yau shi ne wanda zai gaje su. Dā injiniya yana zuwa taron reshe don ya ji sabon abu. Yanzu yana samun bayanin a wayarsa kafin ya gama shayi. Dattawan da ke riƙe da kwamitoci suna ritaya, kamfanoni kuma ba sa son sakin ma'aikaci ya ɓata yini a aikin da ba ya kawo musu riba. Dabarar da ake bi ita ce jawo ɗalibai tun suna jami'a, da mayar da lacca kan intanet, da sayar da horo don cike giɓin kuɗi.

Mu ma a Najeriya abin bai bar mu ba. Matatar Dangote a Legas, da masana'antar siminti ta Obajana, duk da irin waɗannan na'urori suke aiki. A Najeriya hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniya rajista bisa doka, ƙungiyar injiniyoyi ta NSE kuma tana nan tun 1958. Amma taswirar da matashin injiniya zai buɗe a ranarsa ta farko a ɗakin sarrafa na'urori, da alamomin da wani kwamitin masu sa-kai na ISA ya amince da su aka zana ta, kuma sai ya iya karanta su kafin a bar shi ya taɓa bawul.