Daga faifan CD zuwa wayar salula: a ajiye iri kafin a ɗauki guzuri

Masu karatu, kwanan baya muka buɗe wani kwali da ya shekara goma a ƙarƙashin gado a gidanmu na Maraɗi. Cike yake da fayafayan CD na Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Malam Mamane Barka da ƙungiyar Mamar Kassey. Da muka saka su a na'ura, wasu suka tashi lafiya, wasu suna tsalle, wasu kuwa ko tari ba su yi ba. Cikin waɗanda suka mutu har da na kiɗan bikin wata ƙanwarmu, wanda babu kwafinsa a ko'ina.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da CD a 1982, mutane suka ɗauka abu ne na har abada. Ba haka ba ne, musamman faifan CD-R da ake juye wa waƙa a shago. Sautin yana rubuce ne a kan wani ɗan siririn rini, wanda zafi da hasken rana ke ci sannu a hankali. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Tawa ko Damagaram, ya san abin da faifan da aka bari cikin mota ke sha. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Mamane Barka a 2018. Ba za su sake shiga ɗakin ɗaukar murya ba, kuma wani abin nasu a hannun ɗaiɗaikun mutane kawai ya rage.

Magani shi ne a juye faifai cikin kwamfuta tun yana da rai. Amma a nan ne da yawa daga cikinmu ke kuskure. Mukan kai wa mai tura waƙa ya mayar da komai MP3, ya zuba a katin memori, mu watsar da faifan. Manomi ba ya daka irin shuka ya yi tuwo. Waƙa ma kwafi biyu take buƙata: iri da za a ajiye a gida, da guzurin da za a riƙa yawo da shi.

Ga dalili. Minti ɗaya na sautin CD yana cin wajen megabait 10. MP3 mai lamba 128 yana cin wajen megabait 1 ne kawai a minti, domin ya zubar da ɓangaren sautin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa. In aka sake matse MP3 ɗin, sautin kalangu da gurmi sai ya ƙara dusashewa. Shi kuwa tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001 kuma kyauta ne, yana rage nauyin zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. Shi ne iri. Rumbun ajiya na terabait 1 zai ɗauki fayafayai sama da 2,000 a wannan tsari. Manhajar Exact Audio Copy, ita ma ta kyauta, tana maimaita karanta wurin da ya karce, ta kuma faɗa maka in ta gamu da matsala.

Sai dai a lura: fayafayai da yawa na kasuwa tun asali MP3 ne aka zuba musu. Faifan kiɗa na ainihi ba ya wuce minti 80. In ka ga waƙa ɗari a faifai guda, kwafe su kawai yadda suke, domin mayar da su FLAC ba zai ƙara musu komai ba sai nauyi.

Daga irin ne ake cire guzuri. A yi MP3 mai lamba 192 ko 256 don waya da rediyon mota. A wannan ma'auni katin gigabait 32 zai ɗauki waƙoƙi dubbai. Tsofaffin rediyoyin mota da yawa MP3 kawai suka sani, kuma sai an tsara makullin USB ɗin da tsarin FAT32 kafin su karanta shi. Mu kanmu mun taɓa sayen kati mai arha a wani shago, wanda girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne. Da ya cika sai waƙoƙin suka lalace. Da yake irin yana gida, ba mu yi asarar komai ba sai kuɗin katin.

Aiki na gaba shi ne suna, kuma shi aka fi rainawa. Wa bai taɓa ganin waya cike da "Track 01" ba? Labarin Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya isa misali. A 2008 ya ɗauki kundinsa mai suna Anar a Sakkwato, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a katunan memori a Kidal ta ƙasar Mali, ya saka ta cikin kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, amma sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai ita. Waƙar da ba suna, mai ita ba ya samun yabo, balle haƙƙi.

Don haka a ba kowane mawaƙi jakarsa a kwamfuta, kowane faifai da tasa a ciki. A cike sunan mawaƙi, sunan waƙa, lamba da shekara a cikin fayil ɗin kansa. Manhajar Mp3tag tana wannan aiki. Ga fayafayan Turai kwamfuta kan samo sunayen daga intanet, namu kuwa galibi sai an rubuta da hannu, wani lokaci sai an tambayi dattijon gida. A tsayar da rubutu ɗaya: in yau ka rubuta Dan Gourmou, gobe Ɗan Gurmu, waya za ta ɗauke su mutum biyu. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ da ƴ kan fito a hargitse a wasu tsofaffin na'urori, shi ya sa muke barinsu a kwafin gida kawai.

Rumbu ɗaya kuma bai isa ba. Wutar lantarki na iya ƙona shi, ɓarawo na iya ɗauka. A yi na biyu a kai gidan ɗan'uwa, a riƙa sabunta shi duk bayan ƴan watanni. Fayafayan asali a jera su a tsaye cikin kwasfansu, a inuwa.

Abu na ƙarshe: juye faifan da ka saya don sauraron iyalinka daban, sayar da shi a bakin tasha daban. Mawaƙa da magadansu suna da haƙƙi, kuma hukumar BNDA ce ke kula da shi a Nijar.

Mu dai mun soma da kwalin nan namu, faifai biyar kowace Lahadi. Na bikin ƙanwarmu ya riga ya tafi. Kai mai karatu, duba naka tun kafin wata bazarar. Allah ya jiƙan mawaƙanmu da suka rigaye mu, amin.