Mai kare, tashi ka duba abin da ke bakinsa

Me karenka yake gwaigwaya yanzu haka? Ka sani? Tashi ka duba. Idan ƙashin kaza ne da ya rage daga miyar jiya, raba shi da shi. Idan farar fatar nan ce ta kanti, wadda aka ƙulle kanta biyu ta yi kamar ƙashi, raba shi da ita. Idan totuwar masara ce, ko tsinken tsire, ko ƙwallon mangwaro, ɗauke. Kada ka fizga daga bakinsa, zai yi saurin haɗiyewa ko ya kai maka cizo. Miƙa masa yankan nama ya saki da kansa, sannan ka ɗauke ka jefa inda ba zai kai ba.

Na san abin da za ka ce. Ai kare da ƙashi aka san shi. Haka muka taso muka gani, a gidan mafarauta, a ruga, a ƙofar gidan Alhaji inda mai gadi yake juye wa kare ragowar kwano. To, amma karnuka nawa aka wayi gari aka tarar sun sandare a bayan gida? Me aka ce? An ce maƙwabci ya sa musu guba. An ce ɓarayi ne suke share hanya. Wa ya buɗe cikin ya duba? Babu. Aka ja aka yar a bola, aka nemo wani kwikwiyon, aka ci gaba da jefa masa ƙashi.

Gwada wannan da hannunka. Ɗauki ƙashin cinyar kaza da aka soya, ka ɗora a kan dutse ka buga. Dubi yadda ya tsage. Tsini ne kamar bakin mashi, wani siriri kamar allura. Wuta ta busar da shi, ba ya lanƙwasa, sai dai ya tarwatse. Wannan tsinin shi zai bi ta maƙogwaron karenka, ya sauka ciki, ya shiga hanji. Hanji kuwa tsoka ce mai laushi, tana matsa abin da ke cikinta tana tura shi gaba. Tana matsawa tsinin yana suka. Idan ya huda, ƙazantar hanji ta tsiyaye cikin ciki, ciki ya ruɓe. Idan bai huda ba, gutsattsarin su taru a ƙarshen hanji su daskare kamar siminti. Sai ka ga kare ya tsuguna yana nishi, yana kuka, ba abin da ke fita sai ɗigon jini.

Ƙashin balangu haka. Haƙarƙarin rago haka. Ƙayar kifi haka. Ƙashin ɓargo da mahauci ya sare ya zama kamar zobe yana da nasa sharrin: kare yana lasar ɓargon, sai zoben ya zarce ya maƙale a muƙamuƙin ƙasa, bayan fiƙoƙi. Sau da yawa sai an yi masa allurar barci kafin a cire.

Kada ka ɗauka na kanti ya fi. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ta karɓi rahoto kusan 68 a kan ƙasusuwan da ake gasawa ko a kyafe a sa a leda a sayar wa masu kare. Karnuka kusan 90 abin ya shafa, kusan 15 sun mutu. Shaƙewa, toshewar hanji, yanka a baki, amai, zawo, jini ta dubura. Kuma wannan iya waɗanda masu su ko likitocin dabbobi suka zauna suka rubuta ƙorafi ke nan.

Yanzu ga wadda ta fi ruɗar mutane, wato busasshiyar fatar shanu. Fara ce fat, an naɗe ta da kyau, wani lokaci an shafa mata ƙamshin nama. Kallon kitse ake wa rogo. Ka san daga ina take? Daga majema. Ana jiƙa fata da sinadarai don gashi ya zube, a raba ta biyu. Ta waje ta tafi wajen masu takalma da jaka. Ta ciki a wanke, a sa mata sinadarin da zai farar da ita, a naɗe, a busar. Ita ce ka ba da kuɗi ka sayo.

Yanko guntunta ka jefa a kofin ruwa kafin ka kwanta. Da safe ka duba. Ta kumbura, ta yi laushi, ta yi santsi, amma tana nan ba ta narke ba. Ja ta ka gani, sai ta miƙe kamar roba. Abin da ke faruwa a bakin kare ke nan. Yawu ya jiƙa ta, ƙullin kan ya warware, kare mai haɗama ya yi mata haɗiya ɗaya. Idan ta tsaya a maƙoshi, mintuna kaɗan ne numfashi ya ɗauke. Idan ta wuce, tana iya zama a ciki ko ta toshe hanji kamar yadda tsumma yake toshe bututun ruwa. Babban kare na gadi, irin su Boerboel da Rottweiler da ake ji da su yanzu a Abuja da Kano da Kaduna, shi ma yana cikin wannan haɗarin, domin ƙarfin muƙamuƙinsa yana yago babban yanki nan take.

Ga kuma sinadarin. A watan Yunin 2017 wani kamfani a Amurka, United Pet Group, ya janye irin wannan fata daga kasuwa, saboda wasu masana'antunsa na Meziko da Kolombiya, da wani mai kawo masa kaya a Burazil, sun sarrafa ta da sinadarin da ake wanke injinan abinci da shi. Wasu karnuka sun yi amai da zawo. Mu ma a nan ba baƙon labari ba ne. A 2019 hukumar NAFDAC ta gargaɗi jama'a a kan fatun da aka riga aka sa wa sinadarin jima, ake karkatar da su ana sayarwa a matsayin ganda. Idan an yi wa ɗan Adam haka, wa zai tsaya ya tantance wadda za a ba kare?

Sai busasshen naman kaza da na agwagwa, sala-sala a leda, mai kama da kilishi. Tun 2007 ƙorafi ya fara isa FDA a kan irin wannan, mafi yawansa ɗan ƙasar Sin. Zuwa ƙarshen 2015 ƙorafin ya kai kusan 5,200, karnuka sama da 6,200 sun kamu, sama da 1,140 sun mutu. Wasu ciki ne ya ɓaci. Wasu ƙoda ce ta taɓu: kare ya yi ta shan ruwa kamar ba zai daina ba, ya yi ta fitsari, ya rame, sukari yana fita a fitsarinsa. An yi shekaru ana gwaje-gwaje ba a kama sanadi guda ɗaya tak ba. Manyan kantunan kayan dabbobi na Amurka, Petco da PetSmart, sai kawai suka daina sayar da na Sin ɗin.

Abin bai tsaya can ba. Daga 2024 zuwa farkon 2025, a Jamus da Holan da wasu ƙasashen Turai, an ga karnuka lafiyayyu sun birkice dare ɗaya. Kuka, firgita, gudu ba dalili, kai hari, wasu har da farfaɗiya. An alaƙanta abin da wasu fatun tauna da aka yi a Sin, masu suna Barkoo da Chrisco, har hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta yi gargaɗi a watan Janairun 2025. Ka yi tunani. Da a unguwarku kare ya yi haka, me za a ce? Mahaukacin kare. Kafin ka dawo daga kasuwa an gama da shi da sanduna.

Ɗauko ledar da ke gidanka ka karanta. Akwai sunan kamfani? Akwai ƙasar da aka yi shi? Akwai ranar lalacewa? Ko kuwa an juye shi ne a farar leda an ɗaure, mai kanti ya ce maka ɗan waje ne? Idan babu rubutu, kada ka saya. Idan ka riga ka saya, zubar.

Hajiya, wannan ɓangaren naki ne, domin ya shafi yara. Zuwa 2019 mutum 154 a jihohi 34 na Amurka sun kamu da ƙwayar cutar salmonela daga busasshen kunnen alade da ake ba karnuka. An kwantar da 35 a asibiti. Yara 27 cikin waɗanda suka kamu ba su kai shekara 5 ba. Za ki ce kunnen alade ba zai shigo gidana ba. Gaskiya ne. Amma ƙwayar ba ta zaɓen dabba, ana samunta a sauran sassan dabbobi da ake busarwa ba tare da an dafa su sosai ba. Kare ya ja abin a tsakar gida, ya bar shi. Yaro mai rarrafe ya tsinta. Ina zai kai shi? Baki. Kada a ajiye irin wannan kusa da abincin gida. Wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu.

Ƙaho da kofato da ƙaton ƙashin ƙafar saniya kuma haƙori suke fasawa, musamman babban haƙorin nan na sama, can baya, wanda kare yake datsa da shi. Ya tsage, jijiya ta fito fili, ruɓa ta shiga, har ƙasan ido ya kumbura. Kare ba zai faɗa maka ba. Zai koma tauna da gefe guda ne kawai. Danna abin da farcen babban yatsanka. Idan bai lotsa ko kaɗan ba, ya fi ƙarfin haƙorinsa.

To, idan aikin gama ya riga ya gama fa? Me za ka gani?

Amai, ya sake, ya sake. Ya sha ruwa ya dawo da shi. Kakari ba abin da ke fita. Ya ƙi abinci, har wanda yake mutuwar so. Ciki ya yi tauri, ka taɓa ya yi ƙara. Ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya sama. Kashi baƙi kamar kwalta, ko da jini, ko babu gaba ɗaya. Dasashi ya yi fari ko ya yi shuɗi. Ka ga biyu daga cikin waɗannan? Ɗauke shi yanzu. Yanzu, ba bayan la'asar ba.

Kada ka ce bari mu gani zuwa gobe. Hanjin da ya toshe jini yana daina isa gare shi, wurin ya fara mutuwa. Wanda aka kai da wuri, ana iya zaro abin ta baki ko a yi ƙaramin aiki. Wanda aka kai bayan kwana uku, sai an yanke hanji an haɗa, kuɗi ya ninka, kuma ba lallai ya tashi ba. Kada ka ɗura masa manja. Kada ka ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, tsinin da ya sauka zai sake yanka wajen hawowa, gishirin kansa ma guba ne idan ya yi yawa. Kada ka ba shi maganin ciwon jikinka, irin su ibuprofen da diclofenac, suna huda cikin kare su lalata ƙoda.

Ka ji wannan da kyau, domin ranka ne a ciki. Kare yana dalalar da yawu, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, murya ta sauya. Kowa zai ce ƙashi ne ya maƙale. Mai yiwuwa ƙashin ne. Amma ciwon haukan kare ma haka yake zuwa, akwai nau'insa da ba ya sa kare faɗa, sai dai ya shanye masa muƙamuƙi da maƙogwaro. Mutane sun sha zura hannu suna laluben ƙashin da babu shi. Kada ka zura hannunka tsirara a bakin kare irin wannan, balle wanda ba a yi wa rigakafi ba. Kada ka bar yaro ya matso. Idan yawun ya taɓa rauni, ko haƙori ya karce ka, wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka wuce asibiti a ranar. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Kare dai dole ya yi tauna, musamman kwikwiyo mai fitar da haƙori. Ka hana shi, ya koma kan takalminka da wayar janareta. Sai a ba shi abin da ba zai kashe shi ba. Akwai robar tauna mai kauri mai rami a tsakiya, irin ta Kong. Ka cusa abincinsa a ramin, ko dafaffen dankali, ka sa a firji ya daskare, zai daɗe yana fama da ita. Saya wadda ta fi ƙarfin bakinsa, wadda ba za ta shige gaba ɗaya ba. Ta fara yagewa, jefar. Karas babba yana yi. Dankalin Hausa da ka yanka fale-fale ka busar da kanka yana yi, ba gishiri, ba yaji. Idan na kanti za ka saya, nemi mai tambarin VOHC, wato majalisar likitocin haƙoran dabbobi da ke tantance irin waɗannan kaya. Idan za ka shafa man gyaɗa na kwalba, karanta jikinsa, kada ya zama da sinadarin zaƙi na xylitol, wanda ke cikin wasu cingam ma. Kaɗan daga cikinsa yana faɗar da sukarin jinin kare. Kilishi da tsire kuwa bar wa kanka, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare.

Ko me ka ba shi, zauna kusa. Kada ka jefa masa ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Ya rage guntun da zai iya haɗiya, ɗauke.

Lokacin Babbar Sallah da na biki a fi kula. Ƙashi ko'ina, tsinke ko'ina, yara suna jefawa don su ga kare ya cafe. Ka tara iyalinka ka faɗa musu. Ka faɗa wa mai gadi, domin shi ne yake ciyar da karen. A rufe kwandon shara. Ka nemi lambar likitan dabbobi mafi kusa da kai yau, ka ajiye a wayarka, ka tambaye shi ko yana ɗauka da dare. Idan kana kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in can suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Ka san hanyar tun kafin ranar ta zo.

Yanzu ajiye takardar nan ka je ka duba bakin karenka.