Bayan Bak, Sai Ina?

Ɗalibin sakandare a Ngawundere ko Garwa, a ƙasar Kamaru, in dai tsarin Faransanci yake bi, jarrabawa uku ke gabansa. BEPC ce ta farko, a ƙarshen shekara ta huɗu. Daga nan hanya ke rabuwa: ko adabi da harsuna a sashen A, ko lissafi da kimiyya a C da D, ko kuma makarantar sana'a.

Sai Probatoire a shekara ta shida, wadda ita ce ƙadangaren bakin tulu. Duk wanda ya faɗi ba zai shiga ajin ƙarshe ba, balle ya zauna Baccalauréat, wato Bak. Masu karatu da Turanci kuwa GCE suke yi.

Takardar Bak tana buɗe ƙofar Jami'ar Ngawundere da ke Dang, wadda aka kafa a 1993, da ta Marwa ta 2008, da ta Garwa ta 2022. Amma fa likitanci, likitan dabbobi da makarantar horar da malamai sai an ci jarrabawar gasa, guraben kuma kaɗan ne. Ɗan sashen A kada ya sa rai da likitanci. Tun bayan BEPC aka yanke wannan hukunci, yaro bai ma san ciwon kansa ba.