JIKOKINMU DA AKA HAIFA A WAJE: 'YAN WACE ƘASA NE?

Jama'a, da wuya a sami gida a Nima ko Maamobi wanda ba shi da ɗa ko 'ya a waje. Wasu suna Jamus, wasu Amurka, wasu Jidda, wasu Kano ko Legas, kuma can suka yi aure suka hayayyafa. Idan aka kawo jikokin gaida kaka, sai ka ji ana gardama a ƙofar gida, wai tunda ba nan aka binne cibiyarsu ba, baƙi ne. Wannan magana ba ta da gindi a doka. Mu mutanen Zango kuwa bai kamata mu riƙa wasa da kalmar "baƙo" ba, don mun san abin da ta taɓa jawo mana.

Tsarin mulkin Gana na 1992, wanda ya fara aiki ranar 7 ga Janairu 1993, ya warware zancen a sashe na 6. Duk wanda aka haifa daga wannan lokaci, a cikin Gana ko a waje, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa, muddin uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Gana ne, ko da ya rasu. A lura, ba a ce sai ta wajen uba ba. Wato Gana jini take bi. Saboda haka yaron da aka haifa a asibitin Maamobi, in iyayensa da kakanninsa duk ba 'yan ƙasa ba ne, haihuwar nan kaɗai ba ta isa ba, alhali kuwa ɗan 'yarmu da aka haifa a Hambug ɗan Gana ne.

Don mu gane sauƙin da muka samu, mu dubi Indiyawan da muke sayayya a kantunansu a nan Ankara. A dokar ƙasarsu, yaron da aka haifa a waje daga 3 ga Disamba 2004 ba ya zama ɗan Indiya sai an yi masa rajista a ofishin jakadancinsu cikin shekara guda. In shekarar ta wuce, sai gwamnati ta ba da izini na musamman. Kuma Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu ba. Gana kuwa ta gyara tsarin mulkinta a 1996 ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu, dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta fayyace yadda za a yi. Sai dai akwai iyaka. A 2023 Kotun Ƙoli ta cire James Gyakye Quayson daga kujerar majalisa ta Assin North, saboda bai kammala ajiye zama ɗan Kanada ba lokacin da ya shiga takara a 2020. Daga baya ya sake tsayawa ya ci.

To, ina matsalar take? Tana wajen takarda. Doka ta ce jikan ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne, amma wa zai tabbatar da kakan? Dokar 2000 ta ce wanda aka haifa a nan kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne idan aka haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa a nan. Zuriyar fataken goro da suka zauna Salaga da Kumasi tun kafin zuwan Turawa arewa sun cika wannan sharaɗi, amma nawa ne cikinsu suke da shaida a rubuce? A watan Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, har da waɗanda aka haifa a Zango suka hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Takardar haihuwa ma ba ta gama magana, don a 2020 Kotun Ƙoli ta ce ba ta tabbatar da cewa mai riƙe da ita ɗan ƙasa ne.

Abin ya fi tsanani ga waɗanda aka haifa a Saudiyya, inda haihuwa a ƙasar ba ta ba ɗan baƙi zama ɗan ƙasa. In iyaye suka yi sakaci, yaro zai girma ba shi da fasfon kowa.

Shawarata ga 'yan'uwa na waje ita ce, da zarar an yi suna, a karɓi takardar haihuwa ta ƙasar da ake, a nufi ofishin jakadancin Gana da fasfon uwa ko na uba, a nema wa jariri nasa. Mu na gida kuma mu adana tsohon fasfon kaka, da katin ɗan ƙasa, da takardun makaranta, ko da sun tsufa sun yi ja. Kuma don Allah a kula da rubutun suna. A aji na sha ganin yaro ɗaya, a takardar asibiti Mohammed, a rajistar makaranta Mahama, a katin ubansa kuma Muhammadu. A gida duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke duba takardu mutum uku yake gani, kuma sai an je kotu an yi rantsuwa kafin a daidaita su.