Kada A Share Gindin Turare Ƙarƙaf

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya a Kasuwar Singa ta Kano ya san yadda attajiran wurin ke yi. In buhunan sukari da shinkafa sun fita, sai wasu su shigo. Wanda ya sayar bai mayar ba, jarinsa yake ci. Ƙasar gona ma tana da jarinta, shi ne baƙin nan da ruɓaɓɓen ganye da ƙirare ke bari a cikinta. Masana suna auna shi da sinadarin kabon, wato abin da gawayi ya ƙunsa. Wajen rabin nauyin busasshen itace kabon ne.

Itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, asalinsa daga Ostareliya ne. An dasa shi da yawa a ƙasar Kano, musamman bayan farin 1973, jeri jeri don tare iska, kamar yadda ake gani wajen Dambatta. Yana da saurin girma, kuma in an sare shi kututturen yakan sake tohowa. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama suke da ɗan gandunsu, suna samun sandunan gini da itacen wuta.

To, ran sara me ake yi? A ɗora sanduna a mota da ɓawonsu, a kwashe rassa, sauran ganye kuma a tara a cinna wuta don wuri ya yi fes. Ga ido ya yi kyau, amma an yi hasara. Abincin da itace ya janyo daga ƙasa, kaso mai yawa yana cikin ganye da ɓawo da ƙananan rassa, ba cikin gungume kaɗai ba. In an ƙone, kabon da naitirojin su bi hayaƙi, tokar kuma iskar hunturu ta kwashe.

An gwada wannan a Fuwant Nuwar ta ƙasar Kwango, inda ake da manyan gandayen turare a kan rairayi irin namu. Tun daga shekarun 1990 aka ware filaye: wani aka share tas, wani aka bar tarkacen, wani kuma aka ninka masa. Itatuwan filin da aka share su ne suka fi tsumburewa, na wanda aka ninka wa suka fi ƙiba. Sai dai a lura, baƙin ƙasa ba ya taruwa a damina ɗaya. Yawancin abin da ya ruɓe yakan koma iska, kaɗan ne ke zama, kuma a saman ƙasa. Sai an jure sara bayan sara kafin a ga bambanci sosai.

Na san za a ce, mata fa da me za su yi girki? Gaskiya ne. Shawarata a raba: rassan da suka kai kaurin hannu a kai gida, amma a ɓare sanduna a cikin gandu, a bar ganye da ɓawo da ƙirare a baje tsakanin layuka. Kada a jibge su kan kututture, don toho na son sarari.

Abu biyu ke ba mutane tsoro. Na farko gobara, domin ganyen turare yana da mai, yana ci kamar an zuba kananzir. Maganinta a nome hanyar tare wuta kewaye da gandu kafin ciyawa ta bushe. Na biyu gara. Ita kam takan kashe ƙaramin dashe, sai a sa ido a shekarar fari. Amma a tsohon gandu ita ce ke jan tarkacen nan zuwa ƙarƙashi, ramukanta kuma su sha ruwan sama. Kafin saran bana, kowace ƙungiya ta zauna da mai sayen sanduna a daidaita cewa ɓawo na gandu ne.